Ranar Masoya da kasuwar wayoyi: abin da ya kamata ka sani kafin ka kashe kuɗinka a watan Fabrairu

Da zarar watan Fabrairu ya kama, duk mai riƙe da babbar waya a Tambuwal ko Dogon Daji ko Kebbe zai lura cewa tallace-tallace sun sauya launi. Komai ya koma ja. Saƙon kamfanin sadarwa yana cewa ka tura wa masoyiyarka data, shagon intanet yana cewa ya karya farashin waya, masu sayar da kaya a WhatsApp kuma sun cika sitatus da kwanduna ɗauke da turare da agogo da cakuleti. Duk saboda ranar 14 ga wata, wadda ake kira Ranar Masoya ko Balantayin.

A wannan yanki ba a san ranar da wani biki a fili ba. Akasarin jama'a ba su ɗauke ta a bakin komai ba, malamai suna hani a kanta, hukumar Hisbah ta Kano ma ta sha jan kunnen matasa game da ita. Amma kasuwa ba ta jiran a yi biki a titi. Ta waya take shigowa, kai tsaye zuwa hannun saurayi da budurwa. A wannan maƙala za mu duba yadda ranar ta zama kasuwa, yadda talla ke gano ka, abin da za ka bincika idan waya za ka saya, da kuma tarkunan da ake ɗanawa a irin wannan lokaci.

Yadda ranar ta zama kasuwa

Asalin ranar na Cocin Rum ne. A shekarar 496 Fafaroma Gelasius ya sanya 14 ga Fabrairu a matsayin ranar tunawa da wani shahidin Kirista mai suna Valentine, kuma a lokacin babu maganar soyayya a ciki. Sai a ƙarni na 14 ne mawaƙan Ingila irin su Geoffrey Chaucer suka fara alaƙanta ranar da masoya. Daga baya 'yan kasuwa suka karɓe ta. A shekarun 1840 wata mata a Amurka mai suna Esther Howland ta fara haɗa katunan ranar da yawa tana sayarwa. A shekarun 1860 kamfanin Cadbury na Ingila ya fito da cakuleti a cikin akwatunan ado na kyauta. Kamfanin Hallmark ya shiga sayar da katunan a 1913.

Yau abin ya kai inda ƙungiyar 'yan kasuwar Amurka ta NRF ta ƙiyasta cewa Amurkawa za su kashe dala biliyan 25.8 a ranar ta 2024, sannan dala biliyan 27.5 a ta 2025. A Japan masu kamfanonin alawa ne da kansu suka ƙirƙiro wata rana ta biyu, 14 ga Maris, domin maza su rama kyautar da mata suka yi musu. Ghana kuwa ta mai da 14 ga Fabrairu ranar cakuleti ta ƙasa, don ta tallata kokon da take nomawa. Kamfanin Alibaba na Sin ya yi irin wannan dabara a 2009, lokacin da ya mai da 11 ga Nuwamba, ranar marasa aure, ranar babban ciniki a intanet.

Abin lura a nan shi ne, ɗan kasuwa yana son ranar da ke da kwanan wata tsayayye. Wanda ke da wa'adi a gabansa ba ya tsayawa taya farashi, kuma wanda ke tsoron jin kunya ba ya lissafi. A kan waɗannan abubuwa biyu ake gina tallan Fabrairu.

Kyauta ba baƙuwarmu ba ce

Bahaushe bai jira Bature ya koya masa kyautar neman aure ba. Akwai toshi, akwai kayan na gani ina so, akwai kayan Sallah da na azumi, sannan ga lefe da sadaki. Bambancin shi ne, waɗannan suna da hanya da shaidu. Iyaye mata ne ko 'yan'uwa ke kai kaya, dangi su gani, a san wane ne ya kawo, kuma da wace niyya. Duk da haka nauyin ya yi yawa har a 2023 Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta amince da ƙudirin rage almubazzaranci a bukukuwan aure da na suna.

Abin da waya ta kawo sabo abu uku ne. Na farko, kyauta ta koma ɓoye: ana iya tura naira 20,000 ko data a cikin daƙiƙa goma ba tare da kowa a gida ya sani ba. Na biyu, ta zama abin nunawa: abin da aka ɓoye wa iyaye shi ake ɗorawa a sitatus ƙawaye su gani. Na uku, ma'aunin gasa ya faɗaɗa. A da budurwa a Sanyinna ko Kuchi tana kwatanta kayanta da na maƙwabciyarta. Yanzu tana ganin na 'yar Abuja da na 'yar Dubai a TikTok, kuma ba ta da hanyar sanin cewa da yawa daga waɗannan bidiyoyi talla ne da aka biya kuɗi aka shirya.

Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙara wa abin gudu. Ranar Masoya ta wannan shekara ta faɗo a tsakiyar wahalar canjin kuɗi, lokacin da mutane da yawa a ƙauyuka suka buɗe asusun OPay, PalmPay ko Moniepoint a karon farko. Tun daga nan tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare.

Yadda talla ke gano ka

Mai karatu zai iya tambaya, yaya aka yi kamfanin da ke Legas ya san da saurayi a Jabo? Ba sunanka ya sani ba, siffarka ya sani. Mai talla a Facebook da Instagram yana zaɓar jiha ko gari, shekarun mutanen da yake so, jinsinsu, da abubuwan da suke sha'awa. Idan ka taɓa neman farashin wata waya a Google, ko ka buɗe shafinta a Jumia ko Konga ka fita ba ka saya ba, akwai ƙananan alamomi da shafin ke ajiyewa a burauzarka, waɗanda ke sa hoton wayar ya riƙa bin ka duk inda ka shiga. A TikTok kuma, tsawon lokacin da ka ɗauka kana kallon bidiyo shi ne ke gaya wa manhajar abin da za ta ƙaro maka. Ka kalli bidiyon buɗe kwalin iPhone sau biyu, gobe za ka ga goma.

Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe sun haɗa mutum kusan 350,000 a ƙidayar 2006, kuma yau sun fi haka nesa ba kusa ba, yawancinsu matasa. A idon mai talla wannan kasuwa ce. Ga kuma lokacin: Fabrairu na cikin watannin da kuɗin noman rani, kamar na albasa, ke fara shiga hannu.

Kana iya rage wannan matsi. Ka tura kalmar STOP zuwa 2442 domin toshe saƙonnin tallan da ke shigowa ta layinka, tsari ne na hukumar sadarwa ta NCC kuma kyauta ne. Ka shiga saitin waya ka kashe sanarwar manhajojin sayayya. A saitin Google na wayar Android kuma akwai wurin goge lambar tallan da ake bibiyarka da ita.

Ragin farashi da bashin waya

Kusan duk wayoyin da ke kasuwarmu daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu na bin dala. A farkon Yunin 2023 dala ɗaya a hukumance ba ta kai naira 500 ba. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato wayar naira 150,000 ta cinye albashin sama da wata biyu. A Janairun 2025 kuma NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Ke nan ko bayan sayen wayar, ciyar da ita ma wani nauyi ne.

Idan ka ga an rubuta ragin kashi 30, kada ka dubi farashin da aka ja wa layi a sama. Wani lokaci tsohon farashi ne da aka daina sayarwa a kai, wani lokaci kuma ɗaga shi aka yi don ragin ya yi girma a ido. Abin yi shi ne ka kwatanta farashin ƙarshe da na shago biyu ko uku, ka haɗa da kuɗin kawowa. Ga mazaunin Kebbe wannan na ƙarshe ba ƙarami ba ne, domin sau da yawa kaya a Sakkwato suke tsayawa, kuma daga Tambuwal ma tafiyar kimanin kilomita 100 ce. Ragin naira 5,000 ba ya biyan kuɗin mota zuwa da dawowa.

Sai tsarin biya kaɗan-kaɗan. Bari mu yi misali da lissafi. Waya naira 150,000, ka ba da 45,000 na farko, sannan 24,000 duk wata har wata shida. Jimilla ka biya 189,000, wato ƙarin 39,000 a kan farashin. Wannan misali ne kawai, kowane kamfani da nasa ƙa'idar, amma kullum ka ninka kuɗin wata da yawan watanni kafin ka sa hannu. Mafi muhimmanci, yawancin wayoyin da ake bayarwa a wannan tsari suna ɗauke da manhajar kulle. Ranar da ka makara, wayar za ta rufe a hannun wadda ka bai wa, da rubutu a fuskarta cewa ana bin bashi. Kyautar da aka yi don a burge ta koma abin kunya.

Manhajojin bashi na gaggawa sun fi wannan haɗari. An sha samun waɗanda ke kwashe lambobin da ke wayar mutum, su riƙa tura wa danginsa saƙon ɓatanci idan ya gaza biya. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta fara yi musu rajista a 2022, Google kuma ya hana irinsu taɓa lambobi da hotunan mutane a 2023. Amma waɗanda ake turawa ta WhatsApp a matsayin fayil ba su bi ta wannan tacewa ba. Kada ka saka su.

Idan waya za ka saya

Ko a kasuwar Tambuwal za ka saya, ko a Sakkwato ko Jega, ko aike za ka yi Farm Centre ta Kano, ga abubuwan da za ka duba.

Ka danna *#06#. Lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito. Ka tabbatar ita ce ke jikin kwali, kuma a rubuta ta a kan rasit tare da sunan shago da kwanan wata.

Ka shiga saiti ka duba girman ma'adana da RAM. Wasu tallace-tallacen na haɗa RAM na gaske da wanda ake ara daga ma'adana su kira shi lamba ɗaya. Wanda aka ara ba ya gudun na gaske.

Idan wayar hannu ce, irin wadda ake kira Landan yus, ka sa mai sayarwa ya fita daga asusunsa na Google ko iCloud a gabanka, ya goge komai, sannan ka saita ta da kanka. Wayar da ke tambayar asusun wani bayan an goge ta, mai yiwuwa ta sata ce, kuma wanda aka kama da ita a hannu shi ke fara amsa tambaya.

Ka gwada layi biyu, kyamara, lasifika, ramin caji, da kowane gefe na fuskar wayar. Ka tambayi garanti da inda ake gyara. Wayoyin Tecno, Infinix da itel duk na kamfanin Transsion ne, kuma cibiyoyin Carlcare ne ke gyaransu. Waya mai tsada da ba a samun gilashinta sai an aika Legas ba ta dace da ƙauye ba.

Idan a intanet ne, kada ka tura cikakken kuɗi ga shafin Instagram da ba ka san shagonsa ba. Ka nemi biya idan kaya sun iso.

Idan ke aka kawo wa waya

'Yar'uwa, wannan ɓangaren naki ne. Waya ba kamar atamfa ba ce, domin wanda ya saita ta yana iya ci gaba da riƙe mabuɗinta bayan ta bar hannunsa. Idan asusun Google da ke kai nasa ne, zai iya ganin inda wayar take a taswira, hotunanki da lambobinki su riƙa tafiya asusunsa, kuma zai iya kulle ta ko ya goge ta daga nesa. Idan da layinsa aka buɗe WhatsApp, ko ya haɗa shi da wata na'ura, yana karanta saƙonninki. Ki duba wurin na'urorin da aka haɗa a saitin WhatsApp, ki fitar da duk wadda ba ki sani ba.

Haka maganar layi. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Layin da aka yi wa rajista da NIN ɗin wani, a hukumance nasa ne. Ranar da aka ɓata, yana iya zuwa ofishin kamfani ya ce ya ɓace a sabunta masa, ya tafi da lambar da duk lambobin sirrin bankin da ke shigowa ta kanta. Hanya mafi tsafta ita ce a mai da wayar yadda ta fito daga kamfani, ki buɗe asusun Google naki, ki sa layi mai rajistarki, kuma iyayenki su san da zuwan wayar. Mai niyyar aure ba zai ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Tarkunan da ake ɗanawa

Mafi yawa shi ne saƙon kyautar data. Za a turo liƙau, wato linki, da tambarin MTN ko Airtel, a ce ana raba gigabait 50 albarkacin Ranar Masoya, sai ka tura wa guruf biyar. Ƙarshensa a nemi lambarka, ko a ce ka faɗi alƙaluma shida da aka turo maka. Waɗannan alƙaluma su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka. Da zarar ka faɗa, an ƙwace shi, an fara roƙon abokanka kuɗi da sunanka. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a saitin WhatsApp tun yanzu. Data ta gaskiya ta lambobin kamfani ake sayenta ko tura ta: *312# don saye, *321# don rabawa, *323# don duba abin da ya rage.

Na biyu shi ne alat na bogi, wanda ya fi cutar masu shago da masu POS. Saƙon tes ko hoton rasit ba hujja ba ne. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna kafin ka miƙa kaya.

Na uku shi ne damfarar soyayya: kyakkyawan hoto, kalamai masu daɗi na makonni, sannan labarin kyautar da ta maƙale a filin jirgi sai an biya kuɗin kwastan. Hukumar FTC ta Amurka ta ce a 2023 mutane sun kai rahoton asarar dala biliyan 1.14 ta wannan hanya. Na huɗu kuma, wanda ya fi muni, shi ne a yaudari mutum ya tura hoton tsiraici, sannan a riƙa karɓar kuɗi da barazanar yaɗawa. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da cewa ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Nijeriya saboda wannan aiki. Yin haka laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Wanda abin ya faɗa wa kada ya biya, domin biya ba ya sa su daina. Ya ajiye hujjoji, ya sanar da babba a gida, a kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC.

Idan aka fasa, wayar ta wa?

Wannan tambaya tana kai mutane gaban mai unguwa da kotun shari'a. Sanannen ra'ayi a mazhabar Malikiyya shi ne a dubi wanda fasawar ta fito daga gare shi: idan ɓangaren mace ne, mai nema na iya neman kayansa, idan shi ne ya janye, ba shi da wannan dama, sai in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta nuna akasin haka. Hukunci na alƙali ne, amma alƙali da hujja yake aiki. Kayan da dangi suka kai suna da shaidu. Wayar da aka miƙa a zaure da dare, da kuɗin da aka yi ta turawa guntu-guntu, su ne ke zama musu. Rasit mai lambar IMEI da tarihin asusun banki suna rage wannan rigima ga ɓangarorin biyu.

Kafin ka yanke shawara

A shekarun nan watan azumi yana matsowa kusa da Fabrairu. Na 2025 ya kama ranar 1 ga Maris, kuma kowace shekara yana yin baya da kwana 10 zuwa 11. Ma'ana kuɗin da za a kashe ranar 14 ga wata daga aljihu ɗaya yake fita da na kayan azumi da ɗinkin Sallah, waɗanda su ne al'ada ta sani kuma gidan su budurwa ke lura da su.

Idan ka yanke cewa na'ura za ka ba da kyauta, a kowace rana ce, ka fara da duba inda za a yi amfani da ita. A garin da wutar lantarki ba ta zama, ga zafin Maris da Afrilu na tafe, fitilar sola mai cajin waya, fawa banki mai inganci ko fankar caji sun fi babbar wayar da kullum tana wurin mai caji. Ga ɗalibar da ke shirin JAMB, datar karatu da kuɗin rajista sun fi agogon hannu mai haske. Ga mai sana'ar ɗinki ko sayar da abinci, matsakaiciyar waya mai kyamara mai kyau da batir mai jimiri jari ce.

Sannan ka yi wa kanka tambaya uku. Da kuɗina zan saya ko da bashi? Zan iya faɗa wa iyayenta cewa ni na kawo? Zan saye ta a wannan farashi idan da yau 20 ga Fabrairu ce? Idan amsar ɗaya daga ciki ta tsaya maka a wuya, ka dakata. Wayar ba za ta ƙare a kasuwa ba, kuma masu ragin farashi za su dawo da wani kafin Sallah.